Ranar da Tullio Ya Wuce Ƙofar Gidansu

Duk wanda ya ce maka Tullio Pallotta bai iya keke ba, to shi ne bai san keke ba. Shekara goma sha wani abu mutumin nan ya yi yana cin abinci da tseren keke, kuma babu kyaftin ɗin da ya taɓa kuka da shi. Abin dai shi ne, ba don ya ci tsere aka ɗauke shi ba. Shi gregario ne, wato baran kyaftin. Shi zai koma can baya wurin motar ƙungiya ya cusa gorunan ruwa a riga har ya zama kamar mai ƙusumbi, ya tako ya raba wa abokan aiki. Shi zai shiga gaba iska ta yi ta dukan ƙirjinsa don kyaftin ya laɓe a bayansa ya huta. In tayar kyaftin ta yi faci, shi zai dira ya kwance tasa ya miƙa, ya tsaya a bakin kwalta riƙe da keke mai ƙafa ɗaya yana jiran mota. In an isa, a ɗora kyaftin kan dandamali a ba shi furanni, Tullio kuwa yana can bayan bas yana goge gishirin gumi daga wuya.

Ba aikin ne ke ci masa rai ba. Ubansa ne.

Uban nasa, Osvaldo, mai gyaran keke ne a Castelvaro, garinmu da ke maƙale a jikin dutse can cikin yankin Abruzzo. Shi ya ɗora Tullio a kan sirdi tun ƙafarsa ba ta kai feda ba, shi ya riƙa bin sa da tsohon babur yana yi masa ihu a kan hawa. Mutum ne da yabo ba ya fita bakinsa ko da za a matse shi. Duk ƙarshen shekara in Tullio ya dawo gida hutu, tsohon zai ɗago kai daga kacar da yake shafa wa mai ya ce, "Na nawa ka zo bana?"

"Na ɗari da wani abu, Baba. Amma kyaftin ɗina ne ya ci."

"To, a gai da kyaftin."

Shi ke nan, ya koma kan kacarsa. Tullio ya haɗiye wannan magana shekara da shekaru, ta zauna masa a ƙirji ta ƙi wucewa. Ga kuma zaunannun shagon kofi na dandali, waɗanda ko gangara ba za su iya yi da keke ba sai sun huta, suna hango shi za su ɗaga kofi su ce, "Tullio, kawo ruwa!" su bushe da dariya. Yakan yi dariyar shi ma. A ransa kuwa abu ɗaya yake so a duniya: sau ɗaya tak ubansa ya gan shi a gaba, ba kowa a gabansa.

Sai lokaci ya fara ƙure masa ta fuska biyu. Gwiwarsa ta dama ta soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa, har ya sanar cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Tsohon kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, aka rufe shago, ya koma kujerar guragu, yayar Tullio mai suna Assunta tana ɗawainiya da shi. A wannan shekarar ce kuma masu tsara babbar gasar watan Mayu, mai zagaye ƙasa cikin mako uku, suka ja hanyar wani zango ta tsakiyar Castelvaro, ta ƙofar shagon Osvaldo.

Kowa ya san al'adar. In tsere zai ratsa garin wani, sai ya nemi izinin manyan ayarin 'yan tsere, a bar shi ya yi gaba shi kaɗai. Ya isa gida ya sauka, ya rungumi uwa da uba, ya kurɓi ruwan inabi, mutanen gari su fito da abin taɓawa. In ayari ya iso a ɗan tsaya a ci a yi raha, sannan ya koma cikin mutane a ci gaba da tsere. Ba a rubuce take a ko'ina ba, alƙali bai san da ita ba. Amana ce kawai tsakanin mutanen da ke shan wahala iri ɗaya.

Da safiyar ranar, ana ta taka keke a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, Tullio ya matsa kusa da Ivano Tessaro. Ivano ɗan wata ƙungiya ne daban, amma shi ne dattijon ayari, in ya ɗaga hannu kowa sai ya taka birki. Tare suka fara sana'ar, tare suka yi furfura a cikinta.

"Ivano, yau ta garinmu za a bi."

"Sai ka faɗa mini? Tun jiya nake jin ƙamshin fiyadonin Assunta a hanci." Fiyadoni shi ne gashin fulawar nan tamu mai cuku a ciki, kuma duk ayarin sun san hannun Assunta a kansa.

"In wuce in gai da Baba?"

"Haba, tsoho, kai ma har sai ka tambaya? Wuce abinka. Ka ce wa Osvaldo ina nan tafe, ka ce wa Assunta ta ɓoye mini masu zafi kafin yaran nan su wawashe."

Kyaftin ɗin Tullio na wannan shekara wani saurayi ne ɗan arewa, Denis, wanda aka haifa lokacin Tullio ya riga ya fara aske gemu. Ya daki kafaɗarsa ya ce, "Je ka, Kawu. Ka yi kukanka ka share majina ka jira mu. Ina buƙatarka a hawan ƙarshe, kada ka cika ciki."

Ivano ya ɗaga hannu, ayari ya buɗe, Tullio ya fita. Yana jin su a baya suna yi masa fito da tsiya. Da yawa ma suka ce tunda an samu sarari bari su tsaya su yi fitsari a bakin hanya.

Nan fa ya shiga wata duniya da bai sani ba. Babur mai ɗaukar hoton talabijin ya dawo gabansa, mai kyamara ya juyo yana kallon fuskarsa. Shi da kullum ƙeyarsa ake nunawa, in ma an nuna! Hanya ta fara hawa dutse, mutane sun cika gefe da gefe. Suka soma kiran sunansa. An rubuta shi da farin fenti a kan kwalta, PALLOTTA, PALLOTTA, ya riƙa taka sunan ubansa da taya yana wucewa. Wata tsohuwa da ta koyar da shi a firamare tana kaɗa masa gyale. Har zaunannun shagon kofi sun gangaro, jajur da su don ihu, yau babu mai cewa ya kawo ruwa. Gwiwar da ke damunsa ta yi shiru. Kai, bai taɓa sanin haka gaba take da daɗi ba.

Muryar Gualtiero, manajan ƙungiya da ke bin ayari a mota, ta shigo masa ta rediyon kunne. "Tullio, a hankali mana, babur ka hau? Ka ba su tazara mai yawa. Mutanen naka suna can suna hira kamar masu zuwa biki."

Da ma bai faɗa ba. Maganar tana shiga kunnensa, ƙwaƙwalwarsa ta kama lissafi ba tare da ya sa ta ba. Bayan dandali gangara ce mai tsawo, kuma babu mahaluƙin da ya san ta kamar shi, kowace kwana, kowane rami, tun yana yaro da gajeren wando. Bayan gangara sai ɗan hawa ɗaya, sai miƙaƙƙiyar hanya har bakin teku inda zango zai ƙare, kuma yau iska daga dutse take busowa, a bayansa za ta kasance. Ya ce wa kansa tir, wannan wane irin tunani ne. Ya sake ce wa kansa, me zan kai wa tsohon in na tsaya? Sumba a kumatu, sannan in koma ɗaukar ruwa a gaban idonsa? Gaisuwa ai kullum ana yi, gobe ma ana iya yi. Wannan kuwa in ta wuce ta wuce har abada.

Ya shigo dandali. 'Yan badujalar gari suna busa, fada, limamin coci, yana tsaye a matakala, an jera tebura cike da fiyadoni, hayaƙin tsiren tunkiya ya turnuƙe. Ya san inda ubansa yake, a hannun dama, a ƙofar shago, inda mutane suka buɗe fili. Ya kuma san in suka haɗa ido hannunsa da kansa zai matse birki. Don haka ya sunkuyar da kai, ya kafe idonsa a kan tayar gaba, ya miƙe a kan feda.

"Tullio!" Muryar Assunta ce, cike da murna.

"Tullio?" Ita ce dai, amma yanzu daga bayansa.

Ya faɗa gangara.

"Ka wuce gida!" in ji Gualtiero a kunnensa. "Tullio, kana ji na? Ka haukace ne?" Sai muryar ta yi ƙasa, irin ta mutumin da ya hango sunan ƙungiyarsa a jaridar gobe. "To, ni dai ban sa ka ba. Amma tunda ka yi, taka."

Tullio ya fizge rediyon daga kunne ya bar shi yana lilo a ƙirji.

Abin da ya faru a bayansa sai daga baya ya ji, kuma shi ne mafi ɗaci a labarin. Ayari ya iso Castelvaro ya tsaya kamar yadda aka saba. Mutanen gari sun daskare, kunya ta hana kowa buɗe baki, sai miƙa faranti suke yi. Mahayan suka ci, suka cusa wasu a aljihun riga, suna tambaya ina angon yake, wasu na cewa ai yana cikin gida yana kuka. Manajoji suna ta ihu a rediyo, amma badujala ta hana a ji da kyau, waɗanda suka ji kuma suka ɗauka wasa ne. Tullio? Tullion da muka sani? Sai da Ivano ya je har ƙofar shago ya dubi fuskar Assunta sannan ya gane. Kafin a hau kekuna a daidaita sahu, tazarar ta ƙaru sosai. Kwanan da Assunta ta yi tana gashi a gaban tanda, shi ya riƙe masa ayari.

Suka biyo shi kuwa kamar an saki karnuka. Ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai suna karɓa-karɓa a gaba. Har 'yan ƙungiyarsa ba su hana ba. Tullio ya sha gangara kamar mai neman mutuwa, ya haye hawan ƙarshe bakinsa a buɗe, gwiwar ta farka tana sukarsa har cikin ƙugu. A miƙaƙƙiyar hanyar teku ruwansa ya ƙare, kuma babu wanda zai kawo masa. Da ya shiga layin ƙarshe ya waiwaya ya gan su, baƙi ƙirin sun cika titi, suna tahowa. Ya runtse ido ya taka da abin da ya rage masa.

Ya ci. Da ƙyar, amma ya ci. Ya so ya ɗaga hannu biyu sama yadda ya ga kyaftin-kyaftin suna yi, keken ya yi tangal-tangal, ya yi maza ya riƙe. Bai taɓa koyon abin ba.

'Yan kallon bakin teku, da ba su san hawa ba su san sauka ba, suka yi ta tafi. Ayari ya kwararo ya wuce shi ta dama da hagu. A sana'ar nan in bara ya ci tsere, ko abokan gaba sai sun zo sun rungume shi, don kowa ya san abin da ya sha. Ranar babu hannun da ya taɓa kafaɗarsa. Denis ya wuce bai ko dube shi ba. Ivano kaɗai ya tsaya, yana haki, ya zare tabarau.

"Fiyadonin ya yi daɗi," ya ce. "Na gai da babanka, tunda ɗansa yana sauri."

"Ivano, ka saurare ni. Shekara nawa muna..."

"Ni na ɗaga maka hannu, Tullio. Ni." Ya mayar da tabarau ya tafi.

Aka ɗora shi kan dandamali, aka ba shi furanni da kofi. Ya ɗaga kofin saitin kyamara sosai, don ya san akwai talabijin a ɗakin tsohon. Da ya sauko ya kira gida. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Sauran kwanakin gasar ya yi su kamar mai kuturta. A teburin cin abinci a miƙa masa taliya ba a ce masa uffan. Ya koma ɗaukar ruwa, su karɓa ba godiya. Bayan 'yan kwanaki tsere ya nufi garin wani sabon ɗan tsere, karonsa na farko a gasar, uwarsa ta tara dangi a bakin hanya. Saurayin ya je wurin Ivano yana murmushi ya nemi izini. Ivano bai ko juyo ba ya ce, "An daina. Je ka tambayi Pallotta dalili." Tullio yana kusa, ya ji da kunnensa, ya kuma ga saurayin yana ɗaga wa uwarsa hannu daga tsakiyar ayari, ita kuma tana ta leƙe ba ta gan shi ba. Ranar ƙarshe, da aka saba barin mai ritaya ya shiga birni a gaba a tafa masa, babu wanda ya buɗe masa hanya. Haka sana'arsa ta ƙare, a tsakiyar mutane, yana kallon ƙeyar wani.

Duk da haka, ka ji taurin kan ɗan Adam, ya hau mota zuwa Castelvaro da kofin a kan cinya yana ce wa kansa tsohon zai gane. Shi ai ɗan keke ne. Shi ne mai tambayar na nawa ka zo. To yau ga amsa.

Ya iso da rana tsaka. Zaunannun shagon kofi suka gan shi, kowa ya sunkuyar da kai kan kofin da yake sha. Ya tarar da Assunta a kicin tana yanka albasa. Ta dubi kofin, ta dube shi.

"A'a, zakara ne da kansa? Yau ka gane ƙofar?"

"Yaya, don Allah. Saboda shi na yi."

"Saboda shi!" Ta dangwarar da wuƙar. "Zauna in gaya maka abin da ya sa na rantse ba zan gaya maka ba. Tun ranar da aka ce tsere zai biyo ta nan, mutumin nan ya ce shi ba zai tarbi ɗansa a zaune ba. Kullum da safe sai na tura shi shago, ya kama teburin aiki da hannun nan ɗaya mai rai, ya yi ta kokawar miƙewa. Ya faɗi ya fi a ƙirga. Goshinsa ya fashe, na ɗinke bakina na ce wa likita a banɗaki ya zame. Duk hunturun nan haka muka yi shi. Ranar kuwa ya sa na ciro masa kwat ɗin aurensa, na aske shi. Da muka ji jiniyar babura ya ture hannuna, ya yar da sanda, ya miƙe. Shi kaɗai, Tullio, ba mai riƙe da shi. Ya buɗe hannu."

Tullio ya ajiye kofin a kan tebur.

"Ka wuce. Na ce Baba zauna, ya ce a'a, birki ne ya ƙi kamawa, yanzu zai juyo. Yana nan tsaye jikinsa na ɓari har ayari ya iso. Ivano ne ya rungume shi ya zaunar da shi." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Tun ranar ko cokali sai na ba shi a baki. Shiga, yana jiranka. Ni ban san me yake jira ba."

Ɗakin yana warin man zafi. An juya kujerar tsohon tana kallon taga, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tullio ya durƙusa a gabansa, gwiwar ta yi ƙara. Ya ɗora masa kofin a cinya.

"Baba, na ɗaya na zo."

Osvaldo ya dubi kofin kaɗan, kamar an ajiye masa kayan wani. Ya ɗago ido. Babu fushi a cikinsu, abin da ya fi kashe Tullio ke nan. Zumuɗi ne a ciki. Bakinsa da ya karkace ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Ka gan ni?"

"Baba?"

"A tsaye. Ba sanda. Ka gan ni kuwa?"

Tullio ya ji Assunta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa a bayansa. Ya laluba ransa kaf ko zai samo wani abu, ko gefen kwat, ko inuwa. Babu komai sai baƙar taya tana juyawa a kan kwalta.

"Na gan ka, Baba," ya ce. "Tsaye ƙyam."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sauke numfashi, ya jingina kai da kujera, ya lumshe ido.

"To, madalla," ya ce. "Don ba na jin zan iya sakewa."